Yadda ake gasa farin kifi da sos ɗin ɗanyen ganye, da abin shan da ke tafiya da shi

Farin kifi, wato mai farar tsoka marar mai sosai, ba ya yi wa mai gashi afuwa. Naman sa ko na rago idan ya ɗan daɗe a kan wuta, kitsen jikinsa zai rufa maka asiri, a ci ba a gane an yi sake ba. Farin kifi ba shi da wannan gatan. Kifin teku irin kod a hantarsa yake tara mai, tsokarsa kuwa man da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ga shi zaren tsokar gajeru ne, an jera su fala-fala, wani siririn abu ne ya riƙe su, shi ma yana narkewa tun zafi bai yi nisa ba. Saboda haka minti 2 kacal sun isa su raba ka da kifi mai laushi da ke buɗewa da kansa, su bar ka da busasshen abu mai tsaya wa mutum a wuya, ko wanda rabinsa ya maƙale a jikin wayar gashi.

Duk aikin da ke gaba na cike wannan giɓin ne. A tsane kifin, a zafafa wayar sosai, a ƙyale shi ya saki ƙarfe da kansa, a sauke shi da wuri. Man da ya rasa da tsamin da yake buƙata, sos ɗin ɗanyen ganye ne zai kawo su. Awon da zan bayar na mutum 4 ne.

Wane kifi, wane yanka

Ba kowane farin kifi ne ke jure waya ba. Masu tsoka a matse, irin giwan ruwa da halibot da sinafa, su ne suka fi sauƙin sha'ani, ana iya ɗora yankansu kai tsaye a kan wuta. Karfasa da sibas da sauran masu matsakaicin girma sun fi kyau a gasa su ɗungurungum, da kai da wutsiya, domin ƙashi da fata suna kare tsokar daga bushewa. Kod da hek kuwa suna da daɗi amma ba su da ƙarfin jiki, da ka taɓa su sun wargaje. Idan su ka samu, nemi ragar gashi, wato wayar nan mai fuska biyu da ake rufe kifi a ciki a juya gaba ɗaya, ko ka gasa su a kan faranti na baƙin ƙarfe da ka ɗora bisa garwashi.

Idan yanka za ka saya, kaurinsa ya fi nauyinsa muhimmanci. Nemi mai kaurin santimita 2.5 zuwa 3, giram 170 zuwa 200 ga kowane mutum, kuma da fatarsa. Siririn yanka yana gama nuna tun bayansa bai yi ja ba, ka ga an yi asarar gawayi. Idan ɗungurungum ne, kifi ɗaya mai giram 400 zuwa 600 ya ishi mutum guda. Wanda ya haura kilo ɗaya yana da wuyar juyawa, kuma wajensa kan ƙone cikinsa bai nuna ba, sai gwani.

Sabon kifi ba ya ɓoyuwa. Idonsa garau, a cike, bai lotsa ba. Ɗaga murfin gefen kansa ka duba wurin da yake numfashi, ya kasance ja ne mai haske, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. Danna tsokar da yatsa, ta dawo nan take. Sannan ka shinshina. Ƙarni mai bugun hanci alama ce cewa ƙwayoyin cuta sun fara aiki a jikinsa, suna fitar da wani sinadari mai suna tirimetilamin, kuma babu ganyen da zai gyara wannan. Kifin firiza ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi wanda ya kwana biyu a kan ƙanƙara. Sai dai a narkar da shi a hankali, a bar shi ya kwana a firiji a kan abin da ruwan zai tsiyaye. In ana sauri, a ɗaure shi a leda a nutsa a ruwan sanyi. Ruwan zafi kam a'a, yana dafa wajen kifin ya bar cikin da ƙanƙara.

Gyaran kifin

Kifi ɗungurungum, ka kankare ɓawonsa tas tun daga wutsiya zuwa kai, ka cire kayan ciki da jajayen abubuwan numfashin nan, don suna kawo ɗaci. Akwai wani layin daskararren jini da ke kwance a jikin ƙashin baya ta ciki. Kankare shi da kan cokali ka ɗauraye. Mutane da yawa suna mantawa da shi, alhali yana ƙara wa gasasshen kifi ƙarni. Yanke ƙayoyin gefe da almakashi domin su ne ke fara ƙonewa. Sai ka tsaga jikin sau 3 a kowane ɓangare, a karkace, wuƙar ta kai kusa da ƙashi. Tsagar nan ba ado ba ce, ita ke ba zafi hanyar shiga wurin da tsoka ta fi kauri.

Yanka kuwa, shafa shi da yatsa daga kai zuwa ƙasa, duk ƙayar da ka ji ka zare ta. Idan gefe ɗaya ya sirance sosai, naɗe shi ƙarƙashin sauran ko ka yanke shi ka gasa daban.

Yanzu gishiri. Barbaɗa shi ko'ina, ciki da waje da cikin tsagar, kamar rabin ƙaramin cokali ga kowane yanka idan gishirin mai gari ne sosai, ka ajiye a firiji minti 20 zuwa 30. Zai jawo ruwa ya fito, ya kuma ɗan ƙarfafa tsokar yadda ba za ta ruguje a wuta ba. Wasu sun fi son ruwan gishiri, giram 50 a lita ɗaya na ruwan sanyi, a jiƙa minti 15. Yana rage farin kumfan nan da ke tsattsafowa daga jikin kifi idan ya ji zafi. Duka biyun suna aiki, ni dai na fi son barbaɗawa domin ba ta jiƙa fata.

Abin da ba na so shi ne a tsoma farin kifi cikin ruwan lemun tsami a bar shi awa guda da sunan ana so ya shiga jiki. Tsami yana sauya tsokar kifi kusan yadda wuta ke yi. Da wannan dabarar ce mutanen Peru ke haɗa sebiche, abincinsu na ɗanyen kifi da lemun tsami. Kifin da ya sha tsami kafin gashi, wajensa yakan yi gari-gari, ya yi saurin manne wa waya. Tsamin zai zo, amma a ƙarshe.

Bayan gishirin ya gama aikinsa, goge kifin da tishu na kicin ko tsumma mai tsabta har sai ka taɓa fatar ka ji ta a bushe, tana ɗan kama yatsa. Kada ka yi ƙyuiyar wannan. Muddin akwai lema a jikin kifi, tururi zai tashi tsakaninsa da ƙarfe, zafin wurin ya sauka, fatar ta dahu maimakon ta gasu. Idan da lokaci, bar shi a buɗe cikin firiji na awa ɗaya, iskar ciki za ta ƙarasa busar da shi. Fito da shi kamar minti 15 kafin ɗorawa.

Sos ɗin ganye

Haɗa shi kafin ka hura wuta, ko yayin da gawayi ke kamawa, domin yana son ya ɗan zauna. Mutanen gaɓar teku da dama suna da irin nasu. Italiyawa suna da salsa berde, na ganyen fasli (parsley) da tafarnuwa da man zaitun. A Maroko akwai sharmula, mai ganyen kusbara (coriander) da kumin, wadda kusan don kifi aka yi ta. A Ajantina cimicuri ne, ko da yake su nama suka fi ci da shi. Ƙashin bayansu ɗaya ne: ganye mai yawa, mai, tsami, tafarnuwa, gishiri. Wanda ya gane wannan zai iya haɗa nasa da ganyen da ya samu.

Ga abin da nake amfani da shi. Ganyen fasli giram 40, an tsinke daga manyan itatuwansa, wato kamar cikin hannu biyu. Ganyen kusbara giram 20, shi har da ƙananan karansa don suna da ƙamshi. Na'a-na'a ganye 10 zuwa 12. Lawashi kara 2. Tafarnuwa ƙwaya ɗaya, ƙarama. Ɗanyen barkono guda ɗaya, a cire 'ya'yan. Babban lemun tsami ɗaya, ko ƙanana 2. Man zaitun mililita 120, wato babban cokali 8. Gishiri rabin ƙaramin cokali, da ɗan masoro.

Fasli ne uban tafiya domin ɗanɗanonsa a tsaye yake, ba ya danne kifi. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya suna da ƙarfin hali, kaɗan ake sa su, in sun yi yawa ba abin da za ka ji sai su. Wanda ba ya son kusbara, kuma akwai mutanen da a bakinsu take kamar sabulu, ya cire ta ya ƙara fasli. Tafarnuwar ma kada a ga ƙwaya ɗaya ta yi kaɗan. Ɗanya ce, kuma ƙarfinta ƙaruwa yake yi idan sos ya zauna.

Wanke ganyen ka busar da shi sarai, ka shimfiɗa a kan tsumma ka naɗe ka matsa a hankali. Jiƙaƙƙen ganye yana sa sos ya tsinke, mai ya ware gefe ruwa ya ware gefe. Daka tafarnuwa da gishirin a ƙaramin turmi, ko ka murje su da gefen wuƙa a kan katako har su zama kamar ƙulli. Juye a kwano, matsa ruwan lemun tsami babban cokali ɗaya a kai, ka bar su minti 10. Tsamin yana karya zafin tafarnuwa.

Sai ganyen. Yanka shi da wuƙa mai kaifi, ƙanana amma ba laushi ba, yadda idan ka duba za ka iya gane wannan fasli ne wannan na'a-na'a ce. Wuƙa dakusasshiya murje ganye take yi, ruwansa ya zube a katako, gefensa ya yi baƙi. Idan ka ga katakon ya rine da kore sharr, to ƙamshin da ya kamata ya shiga kwano ne ya tsiyaye. Ana iya amfani da injin markaɗe, amma a ɗan taɓa shi a saki, kuma kada a markaɗa da man zaitun a ciki, domin gudun injin yana iya fito da ɗacin man. A markaɗa ganyen, a juye, sannan a zuba mai da hannu.

Zuba yankakken ganyen da lawashi da barkono a wani kwano, kwarara man zaitun a kansu ka juya har kowane ganye ya sha mai. Kankaro koren ko rawayan bayan lemun tsamin da abin goga, saman kawai, kada ka kai ga farin da ke ƙasa don yana da ɗaci, ka zuba. Tafarnuwar da ka jiƙa da sauran ruwan lemun, kamar ƙarin cokali ɗaya zuwa 2, sai dab da za a ci za su shiga. Dalili kuwa, tsami yana kashe korayen ganye. Sos ɗin da ya fito kore shar zai koma launin ƙasa-ƙasa cikin awa ɗaya idan aka sa lemun da wuri. Man da ka fara sawa yana rage wannan, amma ba ya hana shi gaba ɗaya.

Idan ka haɗa, ɗanɗana. Ya kamata ka ji gishiri da tsamin sun ɗan fi abin da za ka iya sha da cokali haka kawai, saboda a kan kifi za su baje su daidaita. Kaurinsa kuma ya zama yana gangarowa daga cokali a hankali, ba ya tsayawa cak, ba ya kuma gudu kamar ruwa.

Wuta

Hura gawayi a fili inda iska ke wucewa. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba a gani ba a jin warinta, kuma tana kisa, don haka ko ruwan sama ake yi kada a shiga da shi ciki. Jira minti 20 zuwa 30 har harshen wutar ya mutu, farar toka ta lulluɓe garwashin. Sai ka tara kashi biyu cikin uku a gefe ɗaya, ka bar ɗaya gefen da kaɗan. Gefe mai zafi na gasa fata ne, mai sauƙin kuma mafaka ce idan wuta ta yi yawa ko kifin yana da kauri. Riƙe tafin hannunka kamar santimita 12 sama da wayar; idan ka iya jurewa daƙiƙa 3 zuwa 4 kafin ka janye, zafin ya yi. Mai abin gashi na gas ya kunna ya rufe minti 10 zuwa 15, ya nemi zafin digiri 220 zuwa 230 a ma'aunin Salsiyas.

Mannewa ita ce babbar matsalar gashin kifi, kuma tana da dalili. Furotin ɗin da ke jikin ɗanyen kifi yana haɗewa da ƙarfe idan suka gamu a matsakaicin zafi. In ƙarfen ya yi zafi sosai, saman kifin yana ƙamewa nan da nan kafin ya samu damar kamawa. Don haka ɗora wayar ta yi minti 5 a kan garwashi, goge ta da burushin ƙarfe har ragowar tsohon gashi ya fita, sannan ka naɗe tishu ka tsoma a man girki na yau da kullum, ka riƙe da abin ɗaukar nama ka shafe sandunan. Jira rabin minti ka sake, har sau 3 ko 4. Za ka ga wayar ta yi baƙi tana sheƙi. Shafa wa kifin ma mai, siriri, ta kowane ɓangare. Kada ya riƙa ɗiga, mai mai ɗiga shi ke tayar da harshen wuta ya bar baƙin hayaƙi a jikin abinci. Idan ɗungurungum ne, tura yankan lemun tsami 2 da itatuwan faslin da ka tsinke a cikin cikinsa.

Gashin kansa

Ɗora yankan a gefe mai zafi, fata a ƙasa, a gicciye da sandunan wayar. Ya kamata ka ji ƙarar "cuuu" tun daga taɓawar farko; in ba ka ji ba, ɗauke maza ka ƙara jira. Danna shi a hankali da faffaɗan cokali na daƙiƙa 10 domin fata tana tattarewa idan ta ji zafi, tsakiyar ta ɗago. Daga nan janye hannunka. Kada ka matsar da shi, kada ka leƙa ƙasansa.

Ka zuba ido a gefen yankan. Ɗanyen farin kifi yana da wani haske kamar gilashi. Yayin da yake nuna, za ka ga fari tas yana hawa daga ƙasa zuwa sama, a hankali, layi a bayyane. Idan farin ya kai kashi biyu cikin uku na kaurin, lokacin juyawa ya yi. Ga yanka mai santimita 2.5 wannan yakan ɗauki minti 5 zuwa 6. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ake dangantawa da hukumar kamun kifi ta Kanada, wadda ta ce minti 10 ga kowace santimita 2.5 ta kauri, jimillar ɓangarorin biyu. Ta isa ta ba ka hasashe, amma a kan garwashi mai zafi kifi yakan riga ta, don haka fara dubawa tun a minti na 8.

Wajen juyawa, kada ka cusa cokali ƙarƙashin kifin da ƙarfi. Ɗauki cokali mai yatsu, zura yatsun tsakanin sandunan wayar ta ƙasa, ka ɗan ɗaga. Idan kifin ya taso ba gardama, sa siririn faffaɗan cokali ka juya. Idan ya ƙi, ba shi daƙiƙa 30 ka sake gwadawa. Fata in ta gasu da kanta take sakin ƙarfe, wanda ya tilasta mata kuwa zai bar ta a can. Ɓangare na biyu ba ya cin lokaci, minti 2 zuwa 3 ne, kuma ya fi kyau ya ƙarasa a gefe mai sauƙin wuta. Sau ɗaya ake juya kifi.

Kifi ɗungurungum mai rabin kilo yana son minti 6 zuwa 7 a kowane ɓangare. Shi ba ɗaga shi ake yi ba, mirgina shi ake yi ta kan bayansa zuwa wurin da babu komai a wayar, saboda haka ka bar masa fili tun wajen ɗorawa. Idan wutsiyar ta fara baƙi, sa ta fuskanci gefe mai sanyi. In wuta ta tashi, ja kifin gefe har ta lafa. Yayyafa ruwa toka kawai zai tayar.

Yaya za ka san ya nuna? Hukumomin kula da abinci na Amurka sun sa digiri 63 na Salsiyas a tsakiyar tsoka a matsayin zafin da kifi ya zama babu haɗari. Masu dafa abinci da yawa suna saukewa a wajen digiri 57 zuwa 60, domin zafin da ke jikinsa yana ci gaba da shiga ciki bayan an sauke. Idan akwai mai juna biyu, ko ƙaramin yaro, ko tsoho, ko marar lafiya a cikin masu ci, a tabbatar ya kai 63 ɗin, haka ma idan kifin ruwan daɗi ne. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya soka siririyar wuƙa a wuri mafi kauri. Idan ta shige ba ta ci karo da tauri ba, tsokar kuma ta rabu fala-fala, fara, da ɗan danshi yana ƙyalli, ya yi. A kifi ɗungurungum duba cikin tsagar da ta fi kusa da kai: tsokar ta saki ƙashi, babu ja a jikinsa.

Sauke a faranti mai tsabta, ba wanda ɗanyen kifin ya zauna a kai ba, kuma fata a sama don kada tururi ya jiƙa ta. Bar shi minti 3. A wannan lokacin ne za ka ƙarasa sos ɗin da tafarnuwa da lemun tsami. Zuba cokali 2 a kan kowane yanka, a gefen tsoka ko a kewaye, sauran a kai tebur a kwano. Ɗumin kifin zai tayar da ƙamshin ganyen, mai ya bi tsakanin falayen tsokar ya shige. Sos ɗin ba ya hawa wuta ko kaɗan.

Wanda ba shi da wurin hura gawayi zai iya yin duk wannan a kaskon baƙin ƙarfe mai layi-layi. Zafafa shi minti 5, shafa mai a kifin ba a kaskon ba, ka buɗe taga. Ƙamshin hayaƙi ne kaɗai zai rasa. Abin da ya rage na kifi kada ya wuce awa 2 a waje, sos kuma a rufe a firiji a cinye cikin kwana 2.

Abin sha

A nan sos ɗin ake dubawa kafin kifin. Farin kifi ba shi da ƙarfin ɗanɗano, abin da ke cika baki shi ne lemun tsami da ganye da man zaitun. Saboda haka abin shan yana buƙatar abu uku: tsamin da ya kai na sos ɗin ko ya ɗan fi shi, rashin zaƙi, da sanyi. Abin sha mai zaƙi yana sa kifi ya yi salam, wanda tsaminsa bai kai ba kuma sai ya zama kamar ruwa a baki.

A ƙasashen Turai da ake cin irin wannan abinci da giyar inabi, fara marar zaƙi suke zaɓa. Sauvignon Blanc ita ce ta fi shahara a wannan gurbin, ko ta yankin Sanser a kwarin kogin Luwar na Faransa, ko ta Malboro a Niyu Zilan, saboda ita kanta tana da ƙamshi irin na ɗanyen ganye da ke haɗuwa da fasli da na'a-na'a. Albariño ta Galisiya a arewa maso yammacin Sifaniya, da Vermentino ta tsibirin Sardiniya, da Assyrtiko ta tsibirin Santorini a Girka, duk daga bakin teku suka fito, suna da tsami mai kaifi da ke wanke man zaitun daga harshe. Muscadet ta kusa da birnin Nant ta fi su sauƙi, ta dace idan an rage tafarnuwa da barkono. Ana ba da su da sanyin digiri 8 zuwa 10. In suka fi haka sanyi ƙamshinsu yana ɓuya. Wadda aka daɗe da ajiyewa a gangar itacen ok, kamar wasu nau'o'in Chardonnay, nauyinta yana faɗa da ɗanyen ganye. Jar giyar inabi kuwa an daɗe da sanin ba ta jituwa da farin kifi. A 2009 wasu masu bincike a Japan sun nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin giyar ne ke tayar da ƙarni a baki bayan an ci abincin teku da ita.

Wanda ba ya shan giya, ƙa'idar nan uku ita ce dai zai bi, kuma zai samu abin da ya dace ba tare da wahala ba. Mafi sauƙi shi ne ruwa mai gas, mai sanyi, da matsin lemun tsami da yankan kokwamba da ganyen na'a-na'a 2. Kumfan yana share mai daga baki tsakanin loma da loma. Wanda ya fi wannan armashi shi ne ruwan ɗanyen inabi, wato inabin da aka matse tun bai nuna ba, wanda Faransawa ke kira berju, mutanen Iran ma suna girki da shi. Ba a bar shi ya tsima ba, don haka babu barasa a cikinsa. Kashi ɗaya nasa, kashi 3 na ruwa mai gas, ya ba ka tsami mai laushi da bai kai na lemun kaifi ba. Koren shayi ma yana yi, idan aka jiƙa ganyensa a ruwan sanyi cikin firiji na awa 6 zuwa 8 aka tace, ba sukari. Jiƙon sanyi ba ya fito da ɗaci kamar na ruwan zafi. Kwalaben da ake sayarwa da sunan an cire musu barasa kuwa, a karanta jikinsu da kyau, domin da yawansu suna ɗauke da ragowar da ta kai kashi 0.5 cikin 100, kuma wasu an cika musu sukari.

Ko me ka zaɓa, gwada shi kafin a zauna. Lashi ɗan sos a bakin cokali, ka kurɓi abin shan a kai. Idan ka ji abin shan ya mutu, to sos ɗin ya fi shi tsami: ƙara wa abin shan lemun in irin wanda ake ƙarawa ne, in ba haka ba ka sassauta sos ɗin da cokali ɗaya na man zaitun ka sake gwadawa.